Waken Rumfa: Tarihin Irin Gado Daga Kwaruruwan Peru Zuwa Lambunan Gida

A gidan adana kayan tarihi na Larco da ke Lima, babban birnin ƙasar Peru, akwai tukwane da butocin yumɓu waɗanda al'ummar Moche suka gina tsakanin kimanin shekara ta 100 da ta 800 Miladiyya. A jikin wasunsu an zana mutane suna sheƙa gudu a kan rairayi, kowanne riƙe da ƴar jaka, ga ƙwayoyin wake warwatse a tsakaninsu. A jikin wasu kuwa waken ne da kansa aka yi wa fuska da ƙafafu, aka ɗora masa kulki da garkuwa, ya koma mayaƙi. Abin lura shi ne maginan ba su zana ƙwayoyin iri ɗaya ba. Wata rabinta baƙi ne rabinta fari, wata tana da ɗige-ɗige, wata kuma an ratsa ta da zane kamar tsagar fuska. Wanda ya shiga kanti a Landan ko a wani birnin Amurka a yau ya sayi gwangwanin wannan wake, fari zai tarar da shi ko mai ɗan kore, ƙwayoyin duk girma ɗaya. Yadda waken nan mai launuka ya koma launi guda a kasuwa, da kuma inda sauran launukan suka fake, shi ne abin da wannan maƙala za ta bi diddigi.

Suna da asali

Masana tsirrai suna kiran sa Phaseolus lunatus. A wasu sassan ƙasar Hausa ana ce masa waken rumfa, saboda yaɗonsa ba ya kwanciya a ƙasa kamar na waken gida, sai ya sami danga ko rumfa ko itace ya hau. Yarabawa na kiran sa awuje, Akan na Gana kuma apatram. Ya kamata ɗalibi ya bambance shi da waken da ake yin ƙosai da alale da shi. Wancan ɗan Afirka ne tun asali, kuma jinsinsa daban ne. Waken rumfa baƙo ne daga nahiyar Amurka. Ƙwayarsa faffaɗa ce, shimfiɗaɗɗiya, ta ɗan lanƙwashe, kuma daga cibiyarta wasu siraran layuka kan bazu zuwa gefe. Kwansonsa ma a lanƙwashe yake, da wuya ya ɗauki ƙwaya fiye da huɗu.

Wannan lanƙwasa ce ta sa Carl Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya raɗa masa suna lunatus a littafinsa Species Plantarum na 1753, wato mai siffar jinjirin wata. Sai dai ya rubuta cewa mazauninsa Bengal ne, a Indiya. Kuskuren yana da ma'ana, domin yana nuna nisan da waken ya riga ya yi cikin shekaru ɗari biyu da ƴan kai bayan Turawa sun isa Amurka, har ya saje da amfanin gonar wasu ƙasashe aka manta daga inda ya fito. An ɗauki fiye da ƙarni guda kafin a gyara. A 1875 wasu Jamusawa biyu, Wilhelm Reiss da Alphons Stübel, suka haƙa tsohuwar maƙabartar Ancón da ke arewa da Lima. Cikin kayan da aka binne tare da mamata akwai iri-irin hatsi da wake. Ludwig Wittmack ya bincika su, ya gane wannan wake a cikinsu. Da irin wannan shaida da kuma nazarin sunaye da tsirran daji, Alphonse de Candolle ya karkata ga asalin Amurka a littafinsa kan asalin tsirran noma na 1883.

Binciken ƙwayoyin halitta na ƙarshen ƙarni na 20 ya ƙara wani abu da magabata ba su zata ba: ba sau ɗaya aka mayar da wannan wake na gida ba. Aƙalla sau biyu ne, a wurare biyu masu nisa, ta hannun mutanen da ba su san juna ba. A yankin tsaunukan Andes, tsakanin kudancin Ikwado da arewacin Peru, an samo mai manyan ƙwayoyi. A Meziko kuwa an samo mai ƙanana, wasu shimfiɗaɗɗu waɗanda ake kira siba, wasu kuma masu ɗan kewaye. Na dajin yana nan har yanzu a kurmi da gefen hanya, daga Meziko har arewacin Ajantina. Ƙwayarsa ƙarama ce, mai duhun launi, mai tsananin ɗaci, kwansonsa kuma da ya bushe sai ya fashe ya watsar da ƴaƴan. Kowane bambanci tsakanin wannan da na gona, aikin zaɓe ne na hannu: wani ya ware ƙwayar da ta fi girma, wata ta ajiye wadda kwansonta bai fashe ba, shekara bayan shekara.

Shekarunsa a hannun manoma sun jawo muhawara. Lokacin da Thomas Lynch ya haƙa kogon Guitarrero a tsaunukan Peru a ƙarshen shekarun 1960, an ƙiyasta waken da aka samu da shekarun garwashi da sauran abubuwan da ke kewaye da shi, sai lissafi ya kai shekara dubu takwas ko fiye. Amma ƙwayar wake ƙarama ce, tana iya zurarewa ta ramin ɓera zuwa ƙasan da ta girme ta. A 1999 Lawrence Kaplan da shi Lynch ɗin suka buga sakamakon awon kabon da aka yi wa ƙwayoyin da kwanson su kansu. Shekarun suka ragu sosai. Mafi tsufan waken rumfa da aka tabbatar ta wannan hanya ya fito ne daga yankin Chilca a gaɓar tekun Peru, yana da kimanin shekara 5,600. Ko a hakan ya girmi manyan dalolin Masar na Giza.

Waken da aka ɗauka rubutu ne

Gaɓar tekun Peru hamada ce. Ruwan sama da ƙyar yake sauka, rayuwa kuwa ta dogara ne ga koguna gajeru da ke gangarowa daga tsaunuka su faɗa teku. Kowane kwari tamkar tsibiri yake a cikin rairayi, kuma kowanne ya riƙe irinsa na wake, wanda a can ake kira pallar. Masaƙan Paracas sun yi masa ado a jikin mayafan da suke lulluɓe mamata da su, maginan Nasca sun zana shi a kwanukansu, amma babu waɗanda suka damu da shi kamar Moche.

Rafael Larco Hoyle, wanda aka haifa a 1901 ya rasu a 1966, ɗan masu gonar rake ne a kwarin Chicama. Shi ya kafa gidan tarihin da aka ambata a sama, a 1926, a gonarsu ta Chiclín, kafin a mayar da shi Lima. Bayan ya duba dubban tukwane, sai ya fito da wani ra'ayi mai jan hankali. A ganinsa zanen da ke jikin ƙwayoyin alamomin rubutu ne, masu gudun nan manzanni ne, jakunkunan da suke riƙe da su kuwa wasiƙu ne. Har ya kwatanta alamomin da rubutun Maya. Akasarin masana na baya ba su karɓi wannan ba. Wasu sun ce wasa ne irin na dara ko caca, wasu suka ce duba ne, wasu kuma suka danganta shi da bukukuwan shuka da na matattu.

Akwai wata fassara mafi sauƙi, wadda duk wanda ya taɓa ɓare kwanson irin gargajiya zai yi saurin fahimta. Ba lalle ne wani ya zana komai a jikin waken ba. Haka yake fitowa daga kwanso. Launuka da rabe-raben da ke jikin tukwanen sun yi daidai da waɗanda tsiron ke haifarwa da kansa. Ko da ra'ayin Larco bai tsaya ba, tukwanen sun adana wani abu mai daraja: hoton yawan ire-iren da manoman wancan zamani suke da su, da shaidar cewa sun san su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan Francisco Pizarro ya kafa birnin Lima a 1535, tashar jirgin ruwa ta Callao ta zama ƙofar da kayan Peru ke fita duniya. Daga sunan birnin ne Turawan Ingila suka samo sunan da suke kiran waken da shi.

Tafiya a kan teku

Ta hanyoyi da dama ya bazu. Jiragen Sifaniyawa da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Acapulco da Manila daga 1565 zuwa 1815 sun kai shi Filifin, inda ake kiran sa patani, daga nan ya shiga Jawa da Bama da Indiya. A Sifaniya kanta ya sami gurbi a Balansiya da sunan garrofó, kuma har yau ba a cika shinkafar paella ta asali ba tare da shi ba. Zuwansa Afirka kuwa ana danganta shi da jiragen Fotigal da ke kai da komo tsakanin Birazil da gaɓar Afirka a zamanin cinikin bayi, hanyar da rogo da masara da gyaɗa suka biyo. Busasshen wake guzuri ne da ba ya saurin lalacewa, shi ya sa ya dace da cikin jirgi.

A Afirka ta Yamma bai taɓa zama amfanin babbar gona ba. Ya zauna ne a gefen gidaje da cikin gonakin doya na yankunan da ke da wadatar ruwa, yana hawa sandunan doya da shinge da busassun itatuwa. Yayin da aka yi arewa zuwa Sahel sai ya yi ƙaranci, domin furensa kan zube idan zafi ya tsananta iska kuma ta bushe, sannan damina gajeruwa ba ta isar masa. A nan waken gida ne sarki. Duk da haka akwai wata dangantaka a ɓoye tsakaninsu: ƙwayoyin halittar ƙasa da ke yin ƙulli a saiwar waken gida suna samar masa da sinadarin naitirojin, danginsu ne ke yi wa waken rumfa wannan hidima. Baƙon ya tarar da abokan aiki suna jiran sa a ƙasar Afirka.

Wuri guda a wannan ɓangare na duniya ya mayar da shi hajar fitarwa, wato kudu maso yammacin Madagaska. A can ana kiran sa kabaro, Faransawa kuma suna cewa pois du Cap. Ana shuka shi a fadamun kogin Mangoky da makwabtansa bayan ambaliya ta janye, ya rayu da danshin da ta bari, kamar yadda ake noman rani a wasu fadamunmu na Afirka. Ta tashoshin Toliara da Morombe aka yi ta loda shi zuwa Ingila a ƙarni na 20. Kasuwar Ingila fari take so, babba, marar tabo. Saboda haka ƙwayar da ta fito da ɗigon ja sai a tsince ta a ware.

Guba da tsoron launi

Son farin wake yana da dalilin da ya wuce kwalliya. A farkon ƙarni na 20 an riƙa shigo da wake mai araha daga Jawa da Bama zuwa Turai, yawanci don abincin dabbobi, kuma aka sami mace-macen dabbobi da ma na mutane. A 1903 Wyndham Dunstan da Thomas Henry na cibiyar Imperial Institute da ke Landan suka ware sinadarin da ke haddasa hakan, suka ba shi suna. Daga baya aka gane cewa shi ne linamarin, wanda yake cikin rogo mai ɗaci. Waɗannan masana biyu ne kuma, shekara guda kafin nan, suka gano ɗan'uwansa a cikin ƙaramar dawa, abin da makiyaya suka daɗe da sani a aikace: gyauron dawa ko wadda fari ya tsumburar tana iya kashe saniya. A Faransa, Léon Guignard ya ƙirƙiro wata takardar gwaji mai sauya launi, wadda ta ba jami'an tashoshin ruwa damar gane buhun da ke da haɗari.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Sinadarin da kuma abin da ke farfasa shi suna zaune ne a ware a cikin ƙwayar. Idan an tauna ta ko an niƙa ta da danshi, sai su haɗu su saki gubar sayanayid. Kariya ce da tsiron ya tanada don ƙwari da ɓeraye. Jiƙawa, da zubar da ruwan jiƙon, da tafasawa sosai a buɗaɗɗiyar tukunya suna kawar da ita, domin gubar kan bi tururi ta fice. Matan Andes da na Maya sun san haka tun kafin a san sunan sinadarin, kuma zaɓen da kakanninsu suka yi ya riga ya rage gubar ƙwarai a ire-iren gona. Na daji da waɗanda suka gauraya da shi ne suka fi haɗari.

To amma da yake yawancin buhunan da suka yi ɓarna masu launi ne, sai ƴan kasuwa suka yanke hukunci mai sauƙi: fari lafiya, mai launi guba. Bincike na baya ya nuna cewa launin fata ba ma'auni ne abin dogaro ba. Akwai masu launi da gubarsu ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai hukuncin kasuwa ya riga ya zauna, kuma ire-ire masu yawa sun rasa mai saye saboda laifin da ba nasu ba.

Zamanin kamfanonin iri

A Amurka ta Arewa tarihin ya fi samun rubutu, don haka ana iya bin sa shekara-shekara. Ƙananan ire-iren Meziko sun isa can tun kafin Turawa. Al'ummar Hopi ta Arizona suna noma su a busassun kwazazzabai ba tare da ban ruwa ba, farare da jajaye da rawaya da masu toka-toka, kuma a bikinsu na Powamuya da ake yi a watan Fabrairu ana tsirar da wake a ɗakunan ibada na ƙarƙashin ƙasa tun sanyi bai wuce ba. A kudancin ƙasar waken ya zama abincin yau da kullum na baƙi da farare. Thomas Jefferson ya ambace shi a littafin lambunsa na Monticello, ko da yake hannuwan da suka kafa sandunan suka tsinke kwanson na bayinsa ne.

Duk waɗannan masu hawa ne, kuma hawa na nufin aiki: a sare sanduna, a kafa, a ɗaure, a riƙa tsinka kaɗan-kaɗan har ƙarshen kaka. A 1883 Frank Platt na New Haven ya fitar da wani mai manyan ƙwayoyi da ya kira King of the Garden, wato sarkin lambu, wanda har yau ake shukawa. Amma shekarun 1880 ɗin nan su ne suka kawo sauyin da ya juya akalar noman gaba ɗaya. Wani baƙar fata ya tsinci wani tsiro a gefen hanya kusa da Lynchburg a jihar Bajiniya, gajere, mai tsayuwa da kansa, ba ya neman abin hawa. Irin ya bi hannuwa har ya kai ga kamfanin T. W. Wood na Richmond, daga nan Peter Henderson na New York ya saye shi ya fitar da shi kasuwa a ƙarshen shekarun, da sunan Henderson. Sunan ɗan kasuwar ne ya bi waken. Labaran kamfanonin sun ambaci wanda ya tsince shi ba tare da suna ba.

Sai aka shiga tsere. A 1888 aka sami Jackson Wonder daga wani manomi na kusa da Atlanta, gajere mai dabbare-dabbare. A 1890 kamfanin Burpee ya fitar da nasa gajeren mai manyan ƙwayoyi. A farkon ƙarni na 20 Henry Fish na Carpinteria a Kalifoniya ya ga wani gajeren a cikin gonar masu hawa, Burpee ya saye shi ya fitar da shi a 1907 da sunan Fordhook, sunan gonar kamfanin da ke Doylestown a Pensilbaniya. Wanda ma'aikatar noma ta Amurka ta inganta daga gare shi, Fordhook 242, ya ci lambar yabo ta ƙasa a 1945. Abin lura a nan shi ne, kusan duk waɗannan ba a ɗakin gwaji aka ƙirƙire su ba. Wani mai ido ne ya ga baƙon tsiro a cikin saura, bai tuge shi ba.

Gajeren wake ya dace da zamanin inji. Ba ya bukatar sanda, kwansonsa kan nuna kusan lokaci guda, ana iya yanke gonar baki ɗaya a zuba a injin ɓara. Masana'antun gwangwani, da na daskararren abinci da suka bunƙasa bayan 1930, suna son ƙwaya mai girma ɗaya da launi ɗaya, wadda ba za ta rina ruwan dahuwa ba. Gaɓar Kalifoniya, musamman yankin Ventura inda hazon teku ke ba shuka danshi, ta zama cibiyar busasshen wake, Delaware da New Jersey kuma suka riƙe na ɗanye. Ba za a musa amfanin wannan ba: abinci ya yi araha, ya kai ga mutanen da ba su da lambu. Amma kundin tallan iri ya yi ta sirancewa. Duk lokacin da babban kamfani ya haɗiye ƙarami, ire-iren da ba su da ciniki sosai su ne farkon waɗanda ake sharewa.

Wani abu da ya faru a Kalifoniya ya isa ya zama jan kunne. Ƙananan tsutsotsin ƙasa masu kumbura saiwa sun addabi gonakin, zafin cikin ƙasar kuma yana zubar da fure. W. W. Mackie na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya buga nazarinsa kan asali da yaɗuwar wannan wake a mujallar Hilgardia a 1943, ya sami juriyar da ake nema a cikin waken Hopi. Irin da kasuwa ba ta ɗauka da daraja ba, wanda wasu iyalai suka riƙe a hamada don abinci da ibada, shi ya taimaki manyan gonaki.

Inda sauran suka fake

Iri ba kamar tukunya ba ne da za a ajiye a akwatin gilashi. Ƙwayar wake a ɗaki na yau da kullum ƴan shekaru kaɗan take yi ƙarfin tsirarta ya fara raguwa. Idan ba wanda ya shuka ta ya sabunta ta, ta tafi ke nan. Wannan ne ya sa ƙaramin lambun gida, wanda ba ya shiga lissafin ma'aikatar noma, ya zama mafakar ire-iren da kasuwa ta yar.

Misali mai kyau shi ne wanda ake kira Dr. Martin, sunan Harold Martin, wani likitan haƙori na yankin Filadelfiya wanda ya zaɓo shi a farkon rabin ƙarni na 20. Ƙwayarsa ƙatuwa ce, yaɗonsa kuma sai an yi masa rumfa mai ƙarfi da ta fi tsayin mutum. Yana daɗewa bai nuna ba, ba ya nuna lokaci guda, inji ba ya iya girbe shi. Ba abin da babban kamfani zai yi da shi. Masu lambu na Pensilbaniya da New Jersey da Delaware ne suka yi ta miƙa wa juna shi, saboda ɗanɗanonsa kawai. Haka kuma Christmas, mai faɗi da ratsin ja a kan fari, wanda aka sani a Amurka tun ƙarni na 19.

A 1975 Kent Whealy da matarsa Diane Ott Whealy suka kafa ƙungiyar Seed Savers Exchange, bayan kakan Diane ya damƙa musu iri biyu da iyayensa suka zo da su daga Bavariya, ya rasu ba da daɗewa ba. Sun fahimci cewa da ba su karɓa ba, da irin ya bi shi. Ƙungiyar ta fara da mutum 29 masu musayar iri ta gidan waya, daga baya ta zauna a Decorah ta jihar Iowa. A 1981 John Withee, wanda ya shafe shekaru yana bin gidaje da ƙauyuka yana tara wake, ya miƙa mata ire-ire 1,186 na wake daban-daban. A 1983 kuma aka kafa Native Seeds/SEARCH a Tucson don adana irin ƴan asalin yankin, har da na Hopi. A mataki na duniya, cibiyar CIAT da ke Palmira a Kolombiya tana riƙe da dubban samfuran wannan wake a ɗakunan sanyi, an kuma kai kwafin wasu rumbun Svalbard da aka buɗe a 2008. Rumbun sanyi yana tsare ƙwaya, amma ba ya tsare sanin lokacin shukarta, ko irin miyar da ta dace da ita, kuma irin da ke cikinsa ba ya ci gaba da sabawa da sauyin yanayi.

Riƙon irin gado a lambu yana da nasa ƙa'idoji, kuma waken rumfa ya fi sauran wake wuyar sha'ani. Ba ya son ƙasa mai sanyi; a ƙasashen da ake hunturu sai ƙasa ta ɗumama ake shuka shi, in ba haka ba ƙwayar ta ruɓe. Gajerun kan ba da ɗanye cikin wata biyu da rabi ko ƙasa da haka, masu hawa kuwa sukan kai wata uku ko fiye, amma sai su yi ta haihuwa har sanyi ya kashe su. A ƙasashe masu zafi ma tsiron kan rayu shekaru, saiwarsa ta yi kauri ta sake toho. Babbar matsalar ita ce ƙudan zuma. Furen yana iya yi wa kansa barbara, amma yana da zaƙi sosai, zuma na son sa, kuma tana ɗaukar garin fure daga wannan iri zuwa wancan. Wanda ya shuka iri biyu kusa da juna zai girbe abin da ya shuka a bana, amma baɗi sai ya ga baƙin launuka. Saboda haka masu kula sukan shuka iri ɗaya a shekara, ko su nisanta su, ko su rufe furen da siririn yadi. Sukan ɗebi iri daga tsirrai da yawa, ba daga guda ɗaya da ya fi kyau ba, don kada irin ya ƙuntata. A bar kwanson ya bushe a jikin yaɗo, a ƙara shanya ƙwayar har haƙori ya kasa yi mata shaida, sannan a tsare ta daga ƙwarin da ke huda wake, ko ta sanya ta cikin ƙanƙara na ƴan kwanaki, ko ta rufe ta inda iska ba ta shiga.

Wannan gauraya da mai lambun Amurka ke gudu, ita ce kuma ta haifar da yawan ire-iren tun farko. A yankin Yucatán na Meziko, manoman Maya suna kiran waken ib, suna shuka shi tare da masara da kabewa a gona ɗaya, karan masara ya zama abin hawansa. Ire-ire da dama na zaune kusa da juna, ga na daji a bakin gona, zuma na yawo tsakaninsu. Da shi ake yin toksel, wanda ake haɗawa da niƙaƙƙun ƴaƴan kabewa a gasa da duwatsu masu zafi. Jaime Martínez-Castillo da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta CICY da ke Mérida sun bi ƙauyukan yankin a shekarun 2000, suka tarar cewa ire-ire uku ne suka mamaye mafi yawan filin da ake shukawa, saboda su kasuwa ke saye. Sauran da yawa suna hannun manoma ƙalilan, galibi tsofaffi, kuma a cikin waɗannan an sami bambancin halitta fiye da na ukun nan. Guguwa ɗaya ko fari ɗaya ko rasuwar mutum ɗaya na iya ɗauke iri sukutum.

A Peru kuwa, hukumar INDECOPI ta ba pallar na Ica rajistar sunan asali a 2007, wadda ke kare sunan farin waken wannan kwari mai nisan kimanin kilomita 300 kudu da Lima. A arewacin ƙasar, inda Moche suka zauna, mai baƙi da farin nan da ke jikin tukwane bai ɓace ba. Ana kiran sa pallar mochero, kuma ƙananan manoma kaɗan ne ke shuka shi, a gefen gonakinsu na masara da auduga.